Mun Yi Wata Guda Muna Jinyar Ƙafa

Makon jiya wata maƙwabciyata ta shigo aron turmi tana ɗingishi. Na tambaye ta lafiya, ta ce ba komai, kaluluwa ce ta sa ta gaba mako uku ke nan. Ban bar ta ta fita da turmin nan ba sai da ta yi mini alkawarin za ta je asibiti, kuma za ta buɗe wa likita wurin ya gani da idonsa. Na san ta tafi tana cewa tsufa ya fara taɓa ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya sami mahaifiyata a daminar farko bayan an sauke tutar Bature, ko wata mace ta ji ta rage wa kanta wahala. Ni dai na sha tawa, har yau in na tuna sai in ji gajiyar ta dawo mini a kafaɗa.

Mahaifiyata kowa Mma yake ce mata. Koko take sayarwa a bakin hanya a Changli, wata unguwa a Tamale, tun kafin a haife ni. Ni ce 'yar farinta, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. Ana yaye ni aka kai ni Salaga wajen ƙanwar babana, can na girma, daga can aka kai ni aure Kumasi. Da mijina ya rasu na fita takaba, sai na dawo Tamale, don babanmu ya daɗe da rasuwa, ƙannena maza biyu kuma suna kudu suna fataucin goro. Haka muka zauna ni da ita a gida ɗaya kamar baƙin da suka haɗu a tasha. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce randar gidan nan ta bushe. In maganar ta fi ƙarfin bango, sai a ba Goggo Sanatu. Ita Goggo Sanatu mutuniyar Dagwamba ce, wato 'yan asalin ƙasar Tamale, tsarar Mma, tana zaune a ɗakin da ke bakin ƙofa, kuma ta bakinta nake jin duk abin da uwata ke so in ji.

Abin ya faro ne daga ƙaya. Mma na dawowa daga dam da garwar ruwa a ka, ƙaya ta soke ta a diddige, wurin ya kumbura ya tara ruwa. Bayan kwana biyu na lura in za ta sauke tukunyar koko daga murhu sai ta tsaya, ta dafe inda cinya ta haɗu da mara, ta cije leɓe. Na tambayi Goggo Sanatu, ta shiga ɗaki ta fito ta ce mini, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "Uwanka ya ce kaluluwa ne. Ƙafa ya warke, shi ma zai tafi. Kada ka dame shi da tambaya."

To, wa zai yi musu? Tun muna yara mun san in ka ji ciwo a ƙafa kaluluwa takan fito a matsematsi, ka warkar da ƙafar ita kuma ta baje da kanta. Sai muka duƙufa a kan diddige. Kullum da la'asar in dafa ruwa da gishiri, in ajiye a ƙofar ɗakinta in ba da baya, Goggo Sanatu ta gasa mata, ta shafe da man kaɗanya. Mako guda, mako biyu, diddige ya warke sumul har ya fi ɗaya ƙafar kyau. Ɗingishin kuwa yana nan, dafe-dafen ma sai ƙaruwa.

Masu ba da shawara ba su yi mana rowa ba. Wata mai sayen koko ta ce a ɗaura baƙin zare a babban yatsa. Wata ta ce a dama toka da kanwa a shafa. Kawu Issaka, ƙanen Mma, mahauci ne a kasuwa, ya aiko da rubutu a kwalba da saiwar da ban san sunanta ba, ya ce a jiƙa a sha safe da yamma. Duk mun yi. Ni ce mai jiƙawa, ni ce mai tacewa, ni ce kuma mai tsayuwa a bakin tukunya ina sayar da kokon da kowa ke ce mini bai kai na Mma ba. Ba na jin haushin masu shawarar, don alheri suka nufa. Abin da ke ba ni haushi, duk cikinmu babu wanda ya ga abin da muke wa magani, in ban da Goggo Sanatu, ita ma a duhun ɗaki, da idon da ba ya iya zura zare a allura.

A mako na uku na matsa sai an je asibiti. Goggo Sanatu ta kai saƙo, aka yi kwana biyu ana ja, sannan Mma ta yarda. Muka isa bayan sallar asuba muka tarar da layi ya riga ya fita har gindin maɗaci. Wani tsoho a gabanmu yana ta faɗa wa kowa cewa yanzu ƙasa tamu ce, asibitin ma namu ne. Na ce a raina namu ne kam, shi ya sa duk muka taru a rana ɗaya. Sai wajen hantsi muka kai gaban akawun da ke yankar kati. Ya tambayi sunan Mma, ta faɗa. Ya nuna ni da alƙalami ya ce wannan da ta rako ta fa? Mma ta kawar da kai ta ce 'yar maƙwabta ce. Ya rubuta. Ban ji komai ba a lokacin, don ba ranar na fara zama 'yar maƙwabta ba.

Azahar ta gota kafin a kira mu. Malamin asibitin da ke duba mutane ranar mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, ni kuwa na iya yarensu na Tonawa tun zamana na Kumasi. Ga ni nan tsakaninsu, na zama tafinta. Ya ce in tambaye ta ina ke mata ciwo. Na tambaya, ina kallon ƙasa. Sai da ya fara buga alƙalami a tebur sannan Mma ta miƙo diddigenta ta ce, "Ƙafa."

Na san ba ƙafa ba ce. Na san inda take dafewa. Kalma ɗaya ce zan ƙara da yaren da ita ba ta ma ji, ba za ta taɓa sanin na faɗa ba. Amma bakina ya yi nauyi, na ji kamar in na ambaci wurin na kware wa uwata zane a gaban namiji. Sai na ce masa ƙafa. Ya duba diddigen da ya riga ya warke, ya shafa masa wani shuɗin magani, ya naɗe da bandeji, ya ba mu ƙwayoyi a takarda, ya kira na gaba. Ba laifinsa ba ne, abin da aka nuna masa ya duba. Muka dawo gida da yamma a gajiye liƙis, yini guda ya tafi, kuɗin kokon kwana biyu ya tafi, Mma na tafe da farin bandeji a lafiyayyar ƙafa. Wannan laifin nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Mako na huɗu ne ya fi kowane muni, don a farkonsa aka yi wa Goggo Sanatu rasuwa a ƙauyensu ta tafi, kuma makokin Dagwamba ba na kwana uku ba ne. Gida ya rage daga ni sai Mma sai bango. Ranar Talata ta ƙi cin tuwo. Ranar Laraba na ga ta fito daga bayan ɗaki tana tura ƙasa da ƙafa a kan wani abu, da ta shige na je na duba, amai ne. Ranar Alhamis ba ta iya ɓoyewa ba, ko ruwa ta sha sai ya dawo, cikinta ya ɗaure tamau kamar ganga, ciwon na zuwa yana murɗa ta yana saki. Na tsaya a bakin ƙofarta na ce sannu. Ta juya fuska ga bango ta ce mutanen gidan nan su daina tsaya wa mutane a kai.

Na aika aka kira Kawu Issaka. Ya zo ranar Juma'a da safe tare da Baba Seidu wanzami, ya ce kaluluwar ce ta nuna ta tara mugunya, sakiya kawai za a yi mata mugun ruwan ya fita a huta. Aka hura gawayi a tsakar gida, Baba Seidu ya sa ƙarfensa a wuta. Ya ce sai ya ga wurin. Mma daga ciki ta ce ko gawarta namiji ba zai gani ba. Kawu ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Baba Seidu ya juyo ya ce to, 'yarta ta shiga ta gano masa.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Ina jin gajiya ce kawai, na gaji da jinyar abin da ban gani ba. Na shiga na durƙusa, ban nemi izini ba, na ɗaga gefen zanen. Ta kama hannuna za ta ture, amma ba ƙarfi a hannun. Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Wani ƙullutu ne bai kai ƙwan zabo ba, can ƙasan lanƙwasar cinya, da tauri kamar dutse, ba shi da baki irin na maruru, fatar wurin ta fara sauya launi. Na taɓa, ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Na fito na faɗa wa Baba Seidu. Ya tambaya yaushe rabonta da bayan gida. Na koma bakin ƙofa na tambaya, da ƙyar aka ce wa bango kwana huɗu, ko iska ba ta fita. Tsohon nan ya zare ƙarfensa daga wuta ya tsoma a ruwa. Ya ce wa Kawu, "Issaka, kai mahauci ne. Kaluluwa ba ta hana kashi. Abin da ke cikin nan hanji ne, in na soka shi yau, gobe ku yi jana'iza. Ku ɗauke ta ku kai asibiti yanzu, ba bayan masallaci ba." Ya ƙi karɓar ko goro. Allah Ya jiƙan Baba Seidu, duk sallar da na yi tun daga ranar yana cikin addu'ata.

A amalanken masu dakon kasuwa muka kai ta, an shimfiɗa tabarma, ana yayyafi. Wannan karon ban bi layi ba. Na tare wata nas a baranda, na faɗa mata komai da yaren Tonawa, da sunan wurin, da ƙarfi, a gaban maza da mata. Kunyar da ta hana ni magana a makon da ya wuce ban san inda ta shiga ba. Nan da nan aka shiga da ita. Likitan da ya fito wani dogo ne mara yawan magana, nas na fassara mini. Ya ce ƙaba ce, dangin abin da muke kira gwaiwa a jikin maza. Kawu ya ce mace ba ta gwaiwa. Likita ya ce tana yi, sai dai tata ba a nan take fitowa ba, kuma ba ta girma. Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau: "Ta maza ƙofarta babba ce, hanji ya shiga ya fita. Ta mata ƙofar ƙarama ce, in ta kama ba ta saki." Ya ce sai an yi aiki kafin rana ta faɗi.

Nan aka tsaya. Mma ta dangwala yatsa a takarda, amma aka ce dole wani na jininta ma ya dangwala. Kawu ya naɗe hannu a riga ya ce shi ba zai sa hannu a yanka yayarsa ba, a buga wa 'ya'yanta maza waya Kumasi su zo su yanke. Motar Kumasi kuwa a damina kwana biyu ce in an yi sa'a. Na ce ni zan dangwala, ni 'yarta ce. Akawun nan dai na ranar farko ya jawo katin, ya bi shi da yatsa, ya ce a nan an rubuta 'yar maƙwabta. Na dubi Kawu don ya faɗi gaskiya, ya kafa ido a rufin kwano, don ya san muddin ya yi shiru ba za a yi aikin ba.

Akawun ya tashi ya je bakin gadon da aka ɗora ta. Ya ce, "Mma, ka faɗi gaskiya. Wannan wanene naka?"

Leɓenta sun bushe sun tsage, idonta a rufe. Ina tsaye ina ƙirga numfashinta, raina na ce mini matar nan za ta zaɓi mutuwa a kan ta faɗa, kuma wallahi haushinta na ji a lokacin, haushi mai yawa. Sai ta buɗe baki, ba tare da ta buɗe ido ba.

"Ramatu ce. 'Yata. Ni na haife ta."

Aka kama babban yatsana aka danna a tawada. Ban yi kuka ba sai da ƙofar ɗakin tiyata ta rufe.

Ana kiran magariba aka fito da ita, roba a hanci, ƙarin ruwa a hannu. Nas ta ce hanjin da ya maƙale ya riga ya yi baƙi, an yanke kamar tsawon yatsa an haɗa sauran, an ɗinke ƙofar. Ta ce da mun zo tun ranar farko, ɗinkin ƙofar kawai za a yi. Daga baya Mma ta gaya wa nas ɗin, ba ni ba, cewa ƙullutun ya fi shekara yana leƙowa in ta ɗauki garwa, ya koma in ta kwanta. Ƙayar nan suna kawai ta ba shi.

Kwana ashirin da uku muka yi a asibitin. Masu jinya a baranda muke shimfiɗa, girki a gindin mangwaro, wanki a famfon da ke kawo ruwa in ya ga dama. Kwanakin farko an hana ta ko kurɓin ruwa, ina jiƙa auduga ina goga mata a leɓe. A ranakun nan ne dangi suka yi ta zuwa da kwanukan tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, kowa na cewa yunwa za ta kashe ta, wata ma na kama ta tana tura mata loma a ɓoye. Na ƙwace, aka ce zaman kudu ya fitsare ni. Rana ta shida ta saki iska, nas ta yi mana barka kamar an yi haihuwa, aka fara ba ta ruwan koko da cokali. A mako na biyu bakin ɗinkin ya tara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, aka warware zare biyu ana wankewa kullum ana mata allura. Ni ke riƙe ta in ana wankin, ni ke kai ta bayan gida, ni ke mata wanka. Duk wannan fuskarta na wajen taga. Nas-nas ɗin nan suna da faɗa, wata ta taɓa zagina a kan na zauna a bakin gado, amma ita ce kuma ta ba ni bargonta ranar da ruwa ya feso baranda. Na yafe zagin, bargon ne ban manta ba.

Ƙannena sun iso a rana ta goma, da burodi da turmin atamfa. Mma ta kira kowanne da sunansa, ta shafa musu kai, ta sa musu albarka a kan doguwar tafiyar da suka sha. Kawu Issaka yana gefe yana ba su labarin yadda muka yi ta maza muka kawo ta a kan lokaci. Na ɗauki kwanon wanki na fita. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Sun kwana uku suka koma, sun dai biya abin da ya rage na asibiti, Allah Ya saka musu.

Da muka dawo gida likita ya hana ta ɗaukar kaya mai nauyi, don haka garwa da tukunya suka dawo kaina gaba ɗaya. Masu sayen koko rabi sun koma wajen wata, sai a hankali muka jawo su. Ga abin da nake so matan da za su ji wannan su riƙe: kaluluwar da ta wuce warkewar ƙafa, ko ƙullutun da ke leƙowa in an ɗauki kaya, a kai shi asibiti tun yana shiga yana fita. In ya zo da amai da ɗaurewar ciki, kada a jira kowa, kada a kai shi gun mai sakiya. Kuma a nuna wurin da yatsa, ko gaban waye.

Na ɗauka bayan abin da ya faru a gaban akawu wani abu zai sauya tsakanina da Mma. Goggo Sanatu ta dawo daga makoki, ta ji labari, ta shiga tana tsokanarta wai ashe bakinta ya iya sunan. Ina tsakar gida ina tace gasara na ji Mma ta ce zafin ciwo ne, ita ba ta san abin da ta faɗa ba. Na ci gaba da tata, na ce a raina shi ke nan, mun koma gidan jiya. Can an jima, da aka sauke tuwo, sai na ji ta ɗaga murya ta ce wa Goggo Sanatu, "A ce wa Mai Dangwale ta bar aikin nan ta zo ta ci tun da zafi."

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, kuma da wannan sunan ta kira ni har ta koma ga Allah. Ya bi ni, yau jikokina ma Mai Dangwale suke ce mini, ba su san daga inda ya fito ba. Ramatu kuwa sau ɗaya na ji shi a bakinta, tana kwance idonta a rufe, kuma sai da hanjinta ya mutu kafin ya fito.